Wai Shin Maki Nawa Girgizar Ƙasa Ke Kaiwa Kafin a Kira Ta Bala'i?

 

Yau ina so ne in taɓo wata magana da ta daɗe tana yawo a tsakaninmu, tun daga lokacin da ƙasa ta motsa a Mpape a watan Satumba na 2018, ta kuma sake motsawa a Satumbar 2024. Duk majalisar da aka tayar da zancen sai ka ga jama'a sun rabu biyu. Kashi na farko su ce ai Najeriya ba a girgizar ƙasa, wannan abin Japan ne da Turkiyya, abin da aka ji kawai nakiyar masu fasa dutse ce. Kashi na biyu kuma su ce shi ke nan, alamar tashin duniya ce, wata rana za a wayi gari a ga Abuja ta nutse. A tsakanin waɗannan biyun akwai wata tambaya da na ji an yi ta sau da yawa ba a ba ta amsa mai gamsarwa ba: idan an ce girgiza ta kai maki kaza, daga maki nawa ne ya kamata hankalin mutum ya tashi? Uku? Biyar? Bakwai?

Bari mu fara da abin da ya faru a nan gida. Daga ranar Laraba 5 zuwa Juma'a 7 ga Satumba 2018, mazauna Mpape da wasu sassan Maitama da Katampe sun yi ta jin ƙasa tana rawa a ƙarƙashinsu, wani lokaci tare da wata ƙara kamar tsawa daga nesa. A lokacin ina haya a Mpape, a wani gida mai ɗakuna goma sha biyu da ke kan gangare. Mu da muka saba da ƙarar nakiya mun san yadda take: ana yin ta da rana, ka ji dum sau ɗaya, kwanon rufi ya amsa, ƙura ta tashi, shi ke nan. Wannan kuwa daban take. Ta zo da dare, ta zo da asuba, kuma daga ƙasa take tasowa ta bi ƙafar gado ta shiga jikinka. Ranar Juma'a da sassafe na ga mata da goyo suna gangarowa titi da ƙullin kaya, wasu sun nufi tasha za su koma garuruwansu. Babu wanda ya mutu, babu gidan da ya rushe a unguwarmu, sai dai tsagewar bango nan da can. Masana sun auna abin a wajen maki 3. A farkon Nuwamba na shekarar aka sake jin wani motsin a Maitama. Sai kuma tsakiyar Satumbar 2024, inda aka shafe kwanaki ana ji a Mpape da Katampe, har Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya, wato NGSA, wadda ke da na'urar sa ido a Katampe, ta fito ta ce a kwantar da hankali, motsin mai rauni ne.

Masu cewa ba a yi a Najeriya ya kamata su sani cewa ba Abuja ce farau ba. An yi a Ijebu-Ode a 1984, an yi a Ibadan a 1990, an yi a Kwoi ta Kudancin Kaduna a Satumbar 2016, a shekarar kuma aka yi a Saki ta jihar Oyo da Igbogene ta Bayelsa. Gwamnatin Tarayya ma tana da cibiya sukutum a Toro ta jihar Bauci wadda aikinta shi ne sauraron motsin ƙasa. Masu ilimin duwatsu sun daɗe suna maganar wata doguwar tsaga da ke ƙarƙashin ƙasa, wadda ta taso daga Ifewara a jihar Osun ta miƙe har Zungeru a jihar Neja, kuma Zungeru ba wata uwa duniya ba ce daga nan.

Amma su ma suna da gaskiyarsu ta wani ɓangaren. Ɓawon duniyar nan ba dunƙule yake ba, a farfashe yake kamar kasko da ya tsage gida-gida, kowane ɓari yana tafiya a hankali, 'yan santimita kaɗan a shekara. Mafi yawan manyan girgizar ƙasa a bakin waɗannan ɓarin suke faruwa, inda ɗaya ke gogar ɗaya ko yake kutsawa ƙarƙashin ɗaya. Shi ya sa kullum sai ka ji Japan, Indonesiya, Cile, Iran, Turkiyya. Mu kuwa Allah Ya ajiye mu a tsakiyar ɓarin Afirka, nesa da bakinsa. Bakin yamma yana can tsakiyar tekun Atlantika, na arewa yana wajen Bahar Rum, inda Maroko da Aljeriya ke shan wahala, a gabas kuma akwai Bahar Maliya da babbar tsagar Gabashin Afirka. Saboda haka yiwuwar a ce yau girgiza mai maki 8 ta afka wa Abuja abu ne mai nisa ƙwarai, kuma duk wanda ya ce maka tana tafe, tsoratar da kai kawai yake yi.

To sai dai ni ɗan zangon Ankara ne, Ankara ta Gana ba ta Turkiyya ba, wadda 'yan jarida ke rubutawa Akra. Mu ba ma iya cewa tsakiyar ɓari ba ya motsi, domin a gidanmu an san labarin. Ranar 22 ga Yuni 1939, tsakanin magariba da lisha, girgiza mai wajen maki 6.5 ta taso daga cikin teku ta bugi Akra. Mutane 17 suka mutu, 133 suka ji rauni, gidaje masu yawa suka rushe musamman a James Town da Ussher Town, kuma an ji motsin har Legas da Ibadan. Kakata tana yarinya a Sabon Zango a lokacin. Har ta rasu ba ta daina ba da labarin ba: suna zaune a ƙofar gida uwarta na sayar da tuwo, sai fitilar aci-balbal ta kife, tukunyar miya ta tuntsire, karnuka da awaki suka ruɗe, maza suka fito daga masallaci a guje suna salati. Ta ce sun yi kwanaki suna kwana a fili don tsoron shiga ɗaki. Abin da ya rage yawan mace-macen shi ne lokacin da ta zo, yawancin mutane suna waje ba su kwanta ba. Bayan nan ne Turawan mulki suka gina sababbin gidaje a wurare irin su Korle Gonno da Mamprobi don waɗanda suka rasa matsuguni. Kuma ba ita ce ta farko ba, a 1862 ma an yi wata babba da ta lalata ganuwoyin Turawa na bakin teku.

Ƙasar Gini ma a tsakiyar ɓari take kamar mu, amma ranar 22 ga Disamba 1983 girgiza mai sama da maki 6 ta afka wa yankin Gaoual a arewa maso yamma, ta kashe ɗaruruwan mutane. A Indiya akwai wani yanki da ake kira Latur, wanda a taswirar masana yana cikin wuraren da ba a jin tsoro, ƙasarsa tsohon dutse ne mai ƙwari. Da asubar 30 ga Satumba 1993 girgiza mai maki 6.2 ta same su suna barci a cikin gidajen dutse da laka, kusan mutum dubu goma suka halaka. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, a irin wurarenmu girgizar ba ta cika zuwa ba, tana iya yin shekaru ɗari ko fiye ba ta leƙo ba, amma idan ta zo takan tarar da mutanen da ba su taɓa yin gini da tunaninta ba.

Yanzu bari mu zo kan shi kansa makin, domin a nan ne ake yawan ruɗewa. Wani Ba'amurke mai suna Charles Richter ne ya fito da ma'aunin a 1935 a Kalifoniya. Daga baya, a 1979, masana suka kawo wani sabon lissafi da ya fi dacewa da manyan girgiza, kuma shi ake amfani da shi a yau, duk da cewa a rediyo har gobe ma'aunin Richter ake cewa. Abin lura shi ne ba irin makin jarrabawa ba ne, inda shida ta fi biyar da ɗaya kawai. Kowane maki ɗaya da aka ƙara, ƙarfin da ƙasa ta saki yana ninkawa ne kusan sau 32.

Tun da yawancinmu 'yan kasuwa ne, mu auna da mudu. Mu ɗauka motsin da aka ji a Mpape, mai maki 3, mudu ɗaya ne na gero. To mai maki 4 mudu 32 ke nan. Mai maki 5 mudu dubu ɗaya. Mai maki 6 mudu dubu 32. Mai maki 7 mudu miliyan ɗaya. Ka ga ke nan tsakanin abin da ya sa mata ɗaure kaya a Mpape da abin da kakata ta gani a Sabon Zango, tazarar ta wuce ta mudu da tirela. Wannan lissafin kuma yana rushe wata magana da nake yawan ji, wai gara ma ƙasa ta riƙa yin ƙananan motsi tana huce fushinta don kada babba ta zo. Kafin ƙananan masu maki 3 su fitar da ƙarfin guda ɗaya mai maki 6, sai an yi su sau dubu 32. Ko kullum ake yin ɗaya, sai an shafe sama da shekara tamanin.

A littafin masana, mai maki 3 zuwa 4 ƙarama ce, 5 matsakaiciya, 6 mai ƙarfi, 7 babba, 8 zuwa sama kuma gagaruma. A duniya baki ɗaya akan yi masu maki 7 kamar goma sha biyar a shekara, mai maki 8 kuwa kamar ɗaya. Mafi girma da aka taɓa aunawa ita ce ta Cile a 1960, mai maki 9.5. Idan da a ce wannan jadawalin ne kaɗai amsa, da sai mu ce bala'i daga 7 yake farawa, mu da ba ma sa ran 7 sai mu juya mu ci gaba da barci. Amma tarihi bai yarda da haka ba.

Dubi Agadir ta ƙasar Maroko. Daren 29 ga Fabrairu 1960, cikin watan azumi, girgizar da ta same su maki 5.8 ce kacal, wato matsakaiciya a jadawali. Ba ta wuce daƙiƙa goma sha biyar ba. Mutane tsakanin dubu 12 zuwa dubu 15 suka mutu, kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen garin. Dalili kuwa shi ne ta taso ne daga kusa da saman ƙasa, daidai ƙarƙashin garin, da tsakar dare, a kan gine-ginen da ba a yi su don jure girgiza ba. Alƙahira ma a Oktoban 1992 maki 5.8 ce, ta kashe sama da mutum 500, da yawa a tsofaffin unguwannin talakawa, wasu kuma 'yan makaranta ne da aka tattake a turmutsutsun gudu. Birnin Bam na Iran, wanda gininsa na tubalin laka ne irin na tsofaffin biranenmu, maki 6.6 ya same shi da asubar 26 ga Disamba 2003, sama da mutum dubu 26 suka tafi.

Sai ka juya ɗaya gefen. A Afrilun 2017 an yi girgiza mai maki 6.5 a Botswana, daidai da ta Akra, amma a cikin daji nesa da gari, ba a rasa rai ba. Misalin da ya fi kowanne fitowa fili kuwa shi ne na shekarar 2010. A watan Janairu girgiza mai maki 7 ta afka wa Haiti, kilomita 25 kawai daga babban birnin ƙasar, wasu masu ƙiyasi sun ce sama da mutum dubu ɗari suka mutu, gwamnatin ƙasar kuma ta ce sun haura dubu ɗari uku. Bayan mako shida, a Fabrairu, Cile ta sha mai maki 8.8, wadda ta ninka ta Haiti ƙarfi kusan sau 500. Waɗanda suka mutu ɗari biyar ne da 'yan kai. Mutanen Cile sun sha wuya a 1960 da kafin nan, sun kafa dokar gini mai tsanani, kuma suna bin ta. Mutanen Haiti kuwa bulo suke jerawa a kan gangaren duwatsu, siminti kaɗan, rodi kaɗan, hawa kan hawa. Duk lokacin da na ga hotunan unguwannin Port-au-Prince kafin girgizar, wallahi sai in ga kamar daga saman Mpape aka ɗauke su.

Saboda haka ne masana ke da ma'auni na biyu, wanda ake kira na Mercalli, daga mataki na 1 zuwa na 12. Shi ba ruwansa da ƙarfin da ya fito daga cikin ƙasa, abin da yake aunawa shi ne me mutane suka ji, me kuma ya faru da gini a wuri kaza. Girgiza ɗaya makinta ɗaya ne, amma matakinta na Mercalli ya bambanta daga unguwa zuwa unguwa. Na Abuja a 2024 hukumar NGSA ta sa shi a mataki na 3 zuwa na 4, wato a ji a cikin ɗaki, kwanuka su yi ƙara, taga ta kaɗa. Daga mataki na 7 ne ginin da ba shi da inganci ke fara zubewa, a 9 kuma har mai ingancin yana jin jiki.

To ina Abuja ta tsaya a cikin wannan lissafi? Akwai abin da ke gefenmu. Garin a kan dutse yake, dutsen Aso da na Zuma shaida ne, kuma gini a kan dutse mai ƙwari ya fi samun sauƙin girgiza a kan wanda ke kan yashi ko laka ko fadamar da aka cike. Manyan gine-ginen tsakiyar gari da aka yi tun lokacin da ake shirin tasowa daga Legas a 1991, injiniyoyi ne suka zana su, aka zuba musu kankare da rodi yadda ya kamata. Amma mu nawa ne ke kwana a can? Yawancinmu da safe muke shiga mu yi aiki, da yamma mu koma Mpape, Nyanya, Karu, Dutsen Alhaji, Dei-Dei, Gwagwa, Karmo, wasu ma har Mararaba da Suleja. Rusau ɗin da aka yi tsakanin 2003 da 2007 ya ƙara tura jama'a waɗannan wuraren, aka yi ta gini cikin gaggawa, wani a bakin rafi, wani a kan bola da aka binne, wani a ƙarƙashin ƙaton dutsen da ke zaune a kan gangare kamar an ɗora shi da hannu.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, gine-ginenmu ba sa jiran girgiza kafin su faɗi. A Agustan 2018, makonni kaɗan kafin motsin Mpape, bene ya rushe a Jabi. A Agustan 2023 wani ya rufta a titin Legas da ke ƙauyen Garki cikin dare ana ruwa, aka rasa rayuka. A Legas mai hawa 21 ya zube a Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba 2021 ya kashe sama da mutum 40. A Jos, a Yulin 2024, makaranta ta rufta kan ɗalibai, 22 suka rasu. Duk waɗannan ƙasa na zaune lafiya lau, nauyin kansu kawai suka kasa ɗauka. Ita kuwa girgiza ba daga sama take danna gini ba, gefe da gefe take kaɗa shi, kamar yadda ake kaɗa bishiyar mangwaro. Bangon bulo da ba a ɗaure shi da ginshiƙi da linta ba yana iya ɗaukar nauyin rufi shekara talatin, amma turi ɗaya daga gefe ya ishe shi. Ƙasar nan tana da kundin dokar gini tun 2006, sai dai ka tambayi duk birkilan da ka sani ko ya taɓa ganin wanda ya zo duba aikinsa da wannan kundin a unguwanninmu.

Don haka ga amsata, kuma ra'ayina ne, kowa na da ikon ya auna. A tsakiyar Abuja, wataƙila sai girgiza ta kai maki 6 kafin a ga mummunar ɓarna. A unguwannin da mu muke kwana, mai maki 5 zuwa 5.5, idan ba ta da zurfi, ta taso daga ƙarƙashinmu, ta kuma zo da ƙarfe uku na dare, ta isa ta zama abin da jikokinmu za su riƙa ba da labari. Ban ce tana tafe ba. Yiwuwarta a rayuwar ɗayanmu kaɗan ce, kuma hatsarin hanyar Abuja zuwa Kaduna ko zazzaɓin cizon sauro sun fi ta kusa da mu nesa ba kusa ba. Abin da nake cewa shi ne makin da zai cutar da mu ya fi ƙasa da wanda muke zato, kuma irinsa ya taɓa faruwa a maƙwabtanmu, a ƙasa irin tamu.

Kada kuma mai kuɗi ya ce shi ya tsira. Mu 'yan Gana ba za mu manta da Christian Atsu ba, ɗan ƙwallon da ya buga wa Black Stars da Newcastle. Girgizar Turkiyya da Siriya ta 6 ga Fabrairu 2023, mai maki 7.8, wadda ta kashe sama da mutum dubu 50, ta same shi a wani dogon bene na alfarma a Antakya, irin wanda ake tallarsa da cewa ya fi ko'ina. Benen ya kife, sai bayan kwana goma sha biyu aka ciro gawarsa. Tayil da fenti da gilashi ba su ne ke riƙe gini ba.

Game da musabbabin motsin Mpape, an yi ta ja-in-ja. Bayan na 2018 hukumar birnin ta dakatar da fasa dutse da haƙar rijiyar burtsatse a yankin na wani lokaci. Kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta kafa a ƙarƙashin shugaban hukumar sararin samaniya na lokacin, Farfesa Seidu Mohammed, ya ce akwai rijiyoyin burtsatse kimanin dubu 110 a Abuja, ana zuƙo ruwa tan dubu 330 a kullum, kuma hakan na iya taimakawa wajen dagula zaman ƙasa. Wasu masanan kuma suka ce tushen motsin yana can zurfin kilomitoci, inda ba bakin injin haƙa ba nakiya da ke kaiwa, tsofaffin tsagogi ne kawai ke gyara zama. Ni dai na fi karkata ga na biyun, amma ko da nakiya ba ita ke haddasa girgizar ba, ba ta fita daga laifi ba. Tun wajen 1977 ake fasa dutsen Mpape don gina Abuja, ramin da ya cika da ruwa wanda matasa ke zuwa ɗaukar hoto ragowar wannan aikin ne. Shekara da shekaru bangon gidajen unguwar na shan jijjiga, duk sun tsattsage, kuma Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Batun burtsatse kuwa, a hana mutum haƙa alhali ruwan dam ɗin Usuma bai iso unguwarsa ba, ai an ce ne kawai ya ƙara wa 'yan garuwa ciniki.

Wani abin da ya kamata mu kiyaye shi ne jita-jita. Har yau babu wani masani, a Amurka ko a Japan, da ke iya faɗin rana da sa'ar da girgiza za ta zo. Abin da suke iyawa shi ne su ce wuri kaza ya fi wuri kaza hatsari. A Janairun 2010, kwanaki kaɗan bayan ta Haiti, wani saƙon waya ya zagaya Gana cewa girgiza na tafe cikin dare. Jama'a daga Akra har Kumasi da Tamale suka fito suka kwana a fili, 'yan uwana suna ta bugo mini waya da ƙarfe uku na dare muna yafe wa juna. Gari ya waye ba abin da ya faru. A zamanin WhatsApp ɗin nan irin wannan saƙon zai fi saurin yaɗuwa, kuma a gidan haya mai ƙofa ɗaya turmutsutsu kaɗai ya isa ya kashe yaro.

Maganar ƙofa ɗaya ta tuna mini da yadda muke kwana. Saboda tsoron ɓarayi, kowace taga an yi mata ƙarfe, ƙofar ɗaki da sakata biyu, babban get da kwaɗo, makullin kuma yana hannun mutum ɗaya da wataƙila ya yi tafiya. Tukunyar gas tana cikin ɗakin da ake kwana, tankin ruwa mai lita dubu biyu yana kan siririn ƙarfe daidai saman ɗakin yara. Waɗannan ba sai gwamnati ta zo ba, masu haya da kansu na iya zama su gyara. Abin da masana ke koyarwa idan ƙasa ta fara rawa shi ne mutum ya durƙusa, ya kare kansa da wuyansa, ya shige ƙarƙashin tebur mai ƙwari idan akwai, ya nisanci taga da kabad, kada ya bi matakalar bene a guje. Idan ta lafa sai a fita fili, nesa da katanga da wayar lantarki, domin takan dawo. Wanda ke waje kuma ya tsaya a wajen. A Mpape akwai ƙarin matsala, babbar hanyar shiga guda ɗaya ce mai hawa da lanƙwasa, tifa ɗaya ta lalace a kanta an rufe garin. Idan benen Garki guda ɗaya ya sa masu ceto suka kwana suna tono, a tsakiyar gari inda akwai titi da katafila, sai a ƙiyasta gidaje ɗari biyu a lokaci guda a saman dutse.

Mu baƙi kuma muna da wata ɗabi'a da ta shafi wannan zance kai tsaye. Ba ma gini a lokaci ɗaya. Bana a sayi fili, baɗi a yi fandisho, in an samu kuɗi a tayar da ɗaki uku a shiga. Bayan shekara biyar kasuwa ta yi kyau, sai a cire kwano a zuba dakin a ɗora bene a kan fandishon da aka haƙa don gidan ƙasa. Wanda ke aika kuɗi gida ana yi masa gini a Kano ko Maraɗi ko Kumasi ma bai san buhun siminti nawa ya shiga ba, hoto kawai ake turo masa. Wani tsohon birkila ɗan Zariya da muke sallah tare ya taɓa ɗauko bulo daga wani wurin buga bulo a unguwarmu, ya ɗaga shi daidai ƙirjinsa ya sake, ya tarwatse kamar gurasa. Ya ce buhun da ya kamata ya ba da bulo talatin da 'yan kai, yanzu ana matsa shi ya ba da kusan ninki biyu, kuma masu saye sun fi son hakan saboda ya fi araha. Ya ce shi idan zai yi wa ɗansa gini, gara ya yi masa ɗaki biyu da ginshiƙi a kowace kusurwa da linta da ta zagaye ginin gaba ɗaya ta ɗaure shi, da ya yi masa ɗaki shida na jeren bulo.

Gidan da na zauna a Mpape na bar shi a 2021. Tsagar da ta fito a bangon ɗakina a 2018, daga kusurwar taga har ƙasa, mai gidan ya sa an shafe ta da filasta an yi fenti. Kwanan baya na je gaishe da tsofaffin maƙwabta na tarar an cire kwanon ɓangaren gaba, an kafa katakai za a zuba dakin. Na tambayi yaron da ke kwaɓa siminti ko an ƙara ginshiƙi a ƙasa. Ya ce mai gida ya ce ba sai an ƙara ba, ai ginin a kan dutse yake. Iyalai takwas ne a ɗakunan ƙasa, kuma an riga an karɓi kuɗin hayar na sama.